Amsa ga mai son koyon editin hoto: fara da tsarin aiki kafin neman firiset

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce ka sayi kamarar Canon ta hannu, ka ɗan jima kana bin wani mai hoto wuraren biki kana riƙe masa fitila, yanzu kai ma an fara ba ka ƙananan ayyuka irin su suna da walima, amma idan ka dawo gida ka zuba hotuna a laftof sai kanka ya kulle, hoto kusan ɗari takwas ba ka san ta ina za ka kama ba, kuma naka suna fitowa dishi-dishi ba kamar na waɗanda kake gani a Instagram ba, shi ne kake tambaya wace manhaja ce ta fi kuma a ina ake samun firiset mai kyau.

To bari in fara da maganar firiset ɗin tunda ita ce ta fi tsaya maka a rai. Firiset ba komai ba ne illa saitin da wani ya yi wa hotonsa ya adana, ya ƙara haske kaza ya rage kala kaza, kuma ya yi shi ne don hasken wurin da ya ɗauki hoton da fatar wanda ya ɗauka. Yawancin waɗanda ake rabawa a intanet an gina su ne a kan hotunan Turawa da aka ɗauka a hasken ƙasashen sanyi, idan ka ɗora shi a kan amaryar da ka ɗauka a zauren biki ƙarƙashin fitilu masu launin shunayya, ko dai ta koma ruwan goro ko ta koma kamar an shafa mata toka. Ka ajiye maganarsa tukuna, nan gaba da kanka za ka yi naka. Abin da ke ɗaure maka kai yanzu rashin tsari ne, wato ka san me ake fara yi, me ke bin sa, har zuwa lokacin da hoto zai shiga hannun mai shi, kuma kullum ka bi hanyar nan ba ka sauya ta.

Aikin yana farawa ne tun a cikin kamara. Shiga saitin ingancin hoto ka mayar da shi RAW, ko RAW haɗe da JPEG idan kana tsoro. A Canon fayil ɗin zai fito da CR2 ko CR3 a ƙarshen sunansa, Nikon NEF, Sony ARW. Bambancin shi ne JPEG kamara ta riga ta yanke hukunci, ta zaɓi kala ta matse fayil ta zubar da saura, kowane launi daga cikin ja da kore da shuɗi mataki 256 kawai yake da shi daga duhu zuwa haske, RAW kuwa mai bit 12 yana da mataki 4,096, mai bit 14 yana da 16,384. RAW kamar yadin shadda ne da ba a sa wa almakashi ba, JPEG kuwa rigar da aka riga aka ɗinka, tela zai iya rage mata kaɗan amma abin da aka yanke aka zubar ba ya dawowa. Shi ya sa idan fuska ta yi duhu a RAW za ka ɗago ta lafiya lau, a JPEG kana ɗagowa sai ka ga kalar ta farfashe. Kuma kar ka tsorata idan ka buɗe RAW ka gan shi ya fi JPEG ɗin dishewa, haka yake, bai sha gyara ba ne. Illarsa ɗaya cin wuri, kamara mai megafiksel 24 kowane hoto zai kai wajen megabait 25 zuwa 30, don haka katin memori mai gig 32 zai ɗauki hoto dubu da ɗan wani abu ne kawai. Ka sayi kati a wurin da ka yarda da shi, jabu sun cika kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka cika shi ka tarar rabin hotunan ba sa buɗuwa.

Da ka dawo daga aiki, kafin ka ci abinci kafin ka yi komai, kwafe hotunan. Kwafi nake nufi, kar ka yanko su daga katin, saboda idan wuta ta ɗauke ko laftof ta mutu a tsakiya za ka iya rasa su nan da can. Buɗe folda ka sa mata suna da shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, sannan sunan aikin, misali 2024-03-09 walimar wane, idan ka yi haka kwamfuta da kanta za ta jera maka su bi da bi, bayan shekara biyu wani ya kira ka ya ce hoton mahaifinsa da ya rasu yake nema a bikin nan, cikin minti ɗaya ka ciro masa. Wannan kiran kuwa zai zo, duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san shi. Sannan ka sake kwafin foldar a had-disk na waje. Masu hoto suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban ba ɗakin da laftof take ba, ko Google Drive ko had-disk da ka ajiye a gidan wani ɗan'uwa. Na san data na da tsada, ba sai ka ɗora RAW duka ba, ko zaɓaɓɓun da ka gama gyarawa ka ɗora ya wadatar a farko. Sai ka tabbatar hotuna suna wuri biyu sannan ka goge katin, kuma a cikin kamara za ka yi masa fomat, ba a kwamfuta ba. Biki ba a maimaita shi, idan hotunan ɗaurin aure suka ɓata babu haƙurin da za ka bayar ya isa.

Yanzu sai tacewa, kuma nan ne masu farawa suke kashe kansu, mutum ya buɗe hoto na farko ya fara ja masa kala, ya yi minti ashirin a kai, ya matsa na gaba ya ga ashe ya fi na farkon kyau, haka zai kwana bai wuce hoto talatin ba. Kar ka taɓa gyara ko ɗaya sai ka gama zaɓe. Zagaye na farko da sauri, daƙiƙa biyu a kan kowane hoto, wanda ido ya rufe, wanda ya girgiza, wanda fokas ya tafi bango ya bar fuska, wanda wani ya gifta ta gaba, duk waje. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom harafin X yana nufin ka ƙi hoto, P ka zaɓe shi, idan ka kunna Caps Lock yana tsallakawa na gaba da kansa, hannunka ba zai bar maɓalli biyun nan ba. Zagaye na biyu ka dawo kan waɗanda ka zaɓa, inda ka ɗauki hoto shida na mutane ɗaya a tsaye wuri ɗaya, ka zuƙo fuskokin ka duba idanu, ka ɗauki guda ɗaya, in ya yi yawa biyu. Daga ɗari takwas ɗin nan ka tashi da ɗari da hamsin ko ɗari biyu, ba laifi ba ne. Akwai tsoron da ke kama mai farawa, gani yake idan ya ba da hoto kaɗan za a ce bai yi aiki ba, to ka sani mai biki da abin da ya fi muni a cikin hotunan yake auna ka, hoto ɗaya da uwar amarya ta fito baki a buɗe tana tauna zai iya shafe kyan sauran duka. Abu ɗaya dai, kafin ka jefar da hoto mai ɗan rauni ka duba ko shi kaɗai ne wani dattijo ko wata goggo ta fito a ciki, irin wannan ana barin sa ko da bai cika kyau ba.

Maganar manhaja ba zan daɗe a kanta ba. Lightroom Classic shi ne abin da yawancin masu hoton biki ke amfani da shi, Adobe ta fitar da Lightroom a 2007 musamman don mai hoto da yawa, tacewa da gyara da fitarwa duk wuri ɗaya. Matsalarsa kuɗin wata-wata ne kuma da dala. Idan ba ka da hali yanzu, tunda Canon ce da kai, sauko da Digital Photo Professional daga shafinsu, kyauta ne, lambar jikin kamararka kawai zai tambaye ka, masu Nikon suna da NX Studio shi ma kyauta. Akwai darktable da RawTherapee, kyauta ne kuma suna da ƙarfi sosai, sai dai darktable yana da wuyar sabo. A waya akwai Snapseed na Google da Lightroom na waya. Wanda aka fasa ake sa wa mutane a shago ba na ba ka shawararsa, ban da maganar haƙƙi, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga kwamfuta, kuma kwamfutar da ke ɗauke da hotunan matan mutane ba wurin gwaji ba ce. Photoshop ka bar shi sai nan gaba, aikinsa daban ne, hoto ɗaya ake zama a kai. Ka zaɓi guda ɗaya ka zauna a kansa wata shida, tsalle daga wannan zuwa wancan shi ke hana mutum iyawa. Idan laftof ɗin tana jan ƙafa, sa mata SSD da RAM ya kai gig 8 aƙalla, 16 ya fi, wannan ya fi sayen sabuwa sauƙi.

Wani abu da ya kamata ka gane game da Lightroom tun yau, ba ya taɓa asalin hotonka kuma ba ya haɗiye shi, yana rubuta abin da ka yi ne a wani kundi nasa da ake kira katalog, yana kuma tuna inda hoton yake zaune. Saboda haka idan ka je ta bayan fage ka sauya wa folda suna ko ka matsar da ita, za ka dawo ka ga alamar tambaya a kan foldar ya ce bai ga hotuna ba. In za ka matsar, matsar daga cikinsa. Kuma katalog ɗin shi ma ka riƙa kwafinsa, aikinka duka yana ciki.

To gyaran kansa. Ka fara da daidaita hoto, bango ko ƙofa da suka karkace ka miƙe su, ka yanke abin da ba ya da amfani a gefe. Sannan daidaita fari, wato wayit balans, wannan shi ne rabin aikin a hoton biki. Haske yana da launi, ana auna shi da Kelvin, hasken rana tsaka wajen 5,500, ƙwan fitila mai ja wajen 3,200, inuwa tana kai 7,000. A cikin manhajar ɗauki ɗan tsinken nan mai kama da abin ɗiga magani ka taɓa wani abu da ka san fari ne ko ruwan toka a wurin, amma ka kula, farar shadda sau da yawa tana da ɗan shuɗi a jikinta, idan ka taɓa ta hoton zai rinjayi ruwan ɗorawa, gara ka nemi farin bango ko faranti ko ka daidaita da ido kana kallon fuska. Fitilun nan farare masu tsimin wuta sukan zuba wa fata kore, sai ka ja tint, ma'aunin da ke tsakanin kore da ruwan hoda, kaɗan zuwa ɓangaren ruwan hoda. Idan kuwa zaure ne da aka haska da shunayya da shuɗi, kar ka ce sai ka kashe kalar duka, haka wurin yake, fuskar kawai za ka ceto, bangon ka bar shi da kalarsa. In fitilar ta daki fuska kai tsaye har ba ta ceto, mayar da hoton baƙi da fari, sau da yawa ya fi ma kyau, kuma lokaci na gaba ka sa fulash ɗinka ya rinjayi fitilar wurin a kan fuska.

Bayan fari sai haske gaba ɗaya, sannan ka rage wurare masu tsananin haske ka ɗago masu duhu. Nan ne matsalarmu ta musamman take, ango baƙi ko wankan tarwaɗa sanye da farar babbar riga a tsakar rana. Kamara tana ganin farin nan mai yawa sai ta rage haske, fuska ta nutse, kai kuma idan ka ƙara don fuska ta fito, rigar ta ƙone aikin da ke wuyanta ya ɓace ta zama farin fili kawai, alhali mutumin nan kuɗi ya kashe a ɗinkin kuma yana so a gan shi. Abin yi shi ne tun wurin ɗauka ka kare rigar kar ta ƙone, ka duba histogiram, wato ɗan zanen tsaunukan nan da kamara ke nunawa na yawan haske da duhu a hoto, idan ya haɗe da bangon dama ya hau to fari ya ƙone kuma ko RAW ba zai dawo da wanda ya ƙone ƙurmus ba. A wurin gyara sai ka ja hailait, wato wurare masu tsananin haske, ƙasa har zaren aikin ya bayyana, sannan ka yi wa fuskar mas, wato ka keɓe ta ita kaɗai, ka ƙara mata haske kaɗan, wajen rabin mataki a ma'aunin haske na manhajar. Danna J a Lightroom zai nuna maka inda ya ƙone da ja, inda ya nutse da shuɗi. Kar ka ɗago duhu har ƙarshe, hoton da babu baƙi a cikinsa ko kaɗan shi ne yake yin dishi-dishin da kake kuka da shi, ka bar gashi da inuwar ƙarƙashin hula su zama baƙi na gaske.

Fata kuma ina roƙonka ka riƙe wannan da kyau. Kalar fatar mutum, baƙi ne ko fari, a manhaja tana zaune ne a layin ruwan goro da ɗan ja, to idan ka shiga wurin da ake gyara launi ɗaya-ɗaya ka ja hasken ruwan goro sama sosai, mutum zai yi fari, kuma wannan shi ne abin da ya zama ruwan dare, a ɗauki yarinya kyakkyawa baƙa a mayar da ita wata daban, fuska fara wuya da hannu baƙi, danginta ma sai sun ƙura ido. Za a samu wadda za ta ce maka ka ƙara mata haske, ka haska hoton ka gyara mata hasken fuska, amma launin da Allah ya ba ta ka bar mata shi. Ƙa'idar da nake bi ita ce abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, ƙurji ko maiƙon zufa a goshi ko jan-baki da ya taɓa haƙori, shi ake gogewa, abin da yake na mutum ne kamar tsagar gado ko tawadar Allah ba a taɓawa sai shi ya nema. Kuma kar ka murje fata har ƙofofin gashi su ɓace ta koma roba. Kilariti mai fito da zanen jikin abu da sachureshan mai ƙara ƙarfin kala ka yi hankali da su a hoton mutane, na farko yana tsufar da fuska, na biyu yana mayar da ita ja, atamfa da leshi dama suna da kalarsu ba sa buƙatar ƙari. Lokacin hunturu idan hazo ya wanke hoton waje, dihez, saitin rage hazo, kaɗan yana taimakawa, goma zuwa ashirin, in ka wuce haka sama za ta yi datti. A lokacin nan kuma ƙura na shiga kamara, idan ka ga ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto musamman a sararin sama, sensa, wato farantin cikin kamara da ke ɗaukar hoto, ce ke son shara, ka daina canza lens a fili cikin iska.

Na ƙarshe a jerin shi ne rage ƙwayoyin nan da ke fitowa idan ka ɗauka da ISO, wato saitin ƙara wa kamara jin haske, mai yawa kamar 3,200 ko 6,400, sai ƙara kaifi kaɗan. Ɗan ƙwaya-ƙwaya ba aibi ba ne, ya fi fuskar da aka narkar.

Yanzu ga inda tsari zai biya ka. Hotunan da ka ɗauka wuri ɗaya a haske ɗaya, ka gyara guda ɗaya da kyau, ka zaɓi sauran ka yi musu sink, saitin zai hau kansu duka, sai ka bi ɗaya-ɗaya kana ɗan taɓa haske da yanka. Na waje rukuni ɗaya, na cikin ɗaki rukuni ɗaya, na zaure da dare rukuni ɗaya. Haka ake gama hoto ɗari biyu a yini guda kuma su fito kala ɗaya kamar aikin mutum ɗaya. Idan ka lura akwai saitin da kullum kake maimaitawa, adana shi, ka ga firiset ɗinka ya samu, wanda aka gina a kan kamararka da hasken garinku.

Allon laftof yana yaudara. Kar ka yi gyara da haskensa a ƙure, hoton zai yi maka kyau a nan amma a wurin wanki ya fito da duhu, ka sa shi wajen rabi, ka kashe saitin nan na dare da ke mayar da allo ruwan ɗorawa, kar kuma ka zauna inda rana ke dukan allon. Idan ka yi awa ɗaya ka tashi ka huta, ido yana sabawa da kuskure har ya ga daidai ne. Hanya mafi arha ta gane gaskiyar allonka ita ce ka kai hoto biyar wurin wanki ka dawo ka jera su kusa da allon, ka kuma tura su waya biyu ko uku daban-daban ka gani.

Wurin fitarwa, JPEG, launi sRGB ko da yaushe idan waya ko intanet za shi, in ka bar shi a Adobe RGB zai iya fitowa a koɗe a wayar mutane. Inganci 80 zuwa 90 ya isa. Ka fitar da kashi biyu, cikakke don wanki da albam, da ƙarami don waya, dogon gefe fiksel 2,048. Na Instagram a tsaye 1080 da 1350. Don wanki ana lissafin fiksel 300 a kowane inci, hoto mai inci 4 da 6 yana son 1200 da 1800, mai 8 da 10 yana son 2400 da 3000, kamararka in mai megafiksel 24 ce tana ba da 6000 da 4000, ka ga kana da rara sosai. Sai dai ka lura da siffa, kamara tana ɗauka 3 da 2 ne, ya dace da 4 da 6 cif, amma firem mai 8 da 10 sai an yanke tsawon, idan ka matse mutum tun farko to kan hula ko ɗaurin ɗankwali ne zai tafi, don haka ka riƙa barin fili sama da ƙasa. Idan za ka tura ta WhatsApp tura shi a matsayin dokumen, in ka tura shi a hoto kai tsaye zai matse shi, mai shi ya kai wanki ya fito a farfashe kuma sunanka za a kira. Hotuna masu yawa kuwa ka ba da su a filash ko ka tura mahaɗin Google Drive.

Hotunan mata na wurin kamu da sa lalle da zaman ɗaki amana ce aka ba ka, an bar ka ka shiga inda ba kowane namiji ke shiga ba. Kar ka ɗora ko ɗaya a shafinka don talla sai ka tambayi masu shi sun yarda, kar ka bar su a wayarka abokai suna dubawa, kuma idan za ka kai laftof gyara ka kwashe su tukuna.

Don koyo, wannan satin ka ɗauki ƙaninka ko abokinka ya sa farar riga, ka ɗauke shi a rana, a inuwar bishiya, a cikin ɗaki kusa da taga, da dare ƙarƙashin ƙwan fitila, duk a RAW. Ka zauna ka gyara huɗun har fatarsa ta zama kala ɗaya a dukkansu kuma rigar ta zama fara ba ta ƙone ba, shi kuma yana zaune kusa da kai kana kallon fuskarsa kana kallon allo. Idan ka gama ka turo min su tare da na asalin da ba ka taɓa ba, in sha Allah zan duba in gaya maka inda za ka ƙara da inda za ka sassauta.